Allura da zare ma suna iya kare haƙƙin ɗan Adam

Duk wanda ya ratsa kasuwar Gure ranar da take ci, zai tarar da jama'a iri-iri: Mangawa da Hausawa, Fulani da Tubawa da Buzaye, kowa da harshensa. Mafi yawansu ba su taɓa buɗe kundin dokokin ƙasa ba, domin an rubuta shi da Faransanci. Amma babu ko ɗaya daga cikinsu da ba ya duban atamfar da ke rataye a rumfa, ko aikin da ke wuyan riga, ko adon da baduku ya yi wa jaka. A nan ne wata babbar dama take kwance, wadda har yanzu ba a ba ta muhimmancin da ya dace ba. Haƙƙin da mutum bai sani ba, ba ya iya nemansa, kuma masu sana'ar hannu, in sun haɗa kai, suna iya kai labarinsa inda takarda ba ta zuwa.

Wannan ba mafarki ba ne, domin an gwada a wasu wurare. Misali mafi ban tausayi ya fito daga mutanen Tibet, wata ƙasa ta kan tuddai a tsakiyar Asiya, wadda ta shiga hannun gwamnatin Sin a shekarun 1950 da 1951. A shekara ta 1959 shugabansu Dalai Lama ya yi gudun hijira zuwa Indiya, dubban mutane suka bi shi, suka zauna a garin Daramsala da wasu wurare. Gwamnatin Sin tana cewa Tibet yankinta ne, kuma tana musanta cewa ana tauye haƙƙin kowa. Su kuwa masu gudun hijira suna kukan cewa harshensu da al'adunsu suna cikin haɗari. A watan Fabrairu na 2023 wasu masana na Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna damuwa kan yaran Tibet kimanin miliyan 1 da aka raba da iyayensu, aka sa su makarantun kwana inda ake karatu da harshen Sin.

Mutanen nan ba su da soja, ba su da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. Abin da ya hana duniya mantawa da su, har da aikin masu fasaha. A shekara ta 2006 masu zane da sassaƙa fiye da 80 daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗa ayyukansu a birnin Los Anjalis na Amurka, don girmama Dalai Lama da kiran zaman lafiya, daga baya aka zaga da su wasu birane. A watan Oktoba na 2011 kuma, wani mai zane ɗan Tibet, Tenzing Rigdol, wanda mahaifinsa ya rasu a gudun hijira yana begen ƙasarsa, ya nemi taimakon abokansa, suka ɗebo ƙasa wajen tan 20 daga Tibet, suka ratsa Nepal da ita cikin buhuna, suka shimfiɗa ta a Daramsala. Tsofaffi suka zo suka taka ta suna hawaye, yaran da aka haifa a Indiya suka taɓa ƙasar kakanninsu karo na farko. An yi fim a kan wannan aiki a 2013. Babu jawabin da zai bayyana zafin rabuwa da gida kamar yadda buhunan ƙasar nan suka yi. Gani ya kori ji.

To, Nijar ma ba baƙuwa ba ce ga irin wannan dabara. Bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta ranar 24 ga Afrilu 1995, wadda aka ƙulla don kawo ƙarshen tawayen arewa, masu yawon buɗe ido sun ƙaurace wa Agadas, maƙera da dukawa sun rasa masu saye. A watan Nuwamba na 1998 shahararren mai tsara sutura Alphadi ya gayyato takwarorinsa na Afirka da Turai zuwa duwatsun Tigidit, cikin sahara, aka yi bikin FIMA na farko. Saƙon ya fito fili: inda jiya ake jin harbi, yau ana iya taruwa lami lafiya. Hukumar UNESCO ta ba shi laƙabin mai fasaha don zaman lafiya a 2016.

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Ranar 13 ga Mayu 1991 matan Nijar suka yi jerin gwano a Yamai, suna neman a ƙara musu wakilai cikin kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma aka ƙara. Ranar ta zama ranar matan Nijar, aka kuma saba buga atamfa ta musamman dominta. Mai zane ya zana, masana'anta ta buga, tela ya ɗinka, mace ta ɗaura ta shiga gari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ta haka ranar ta shiga bakin matan da ba su taɓa zama a aji ba.

Amma gaskiya ita ce, dabarar tana da nata tarko, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Lokacin da aka kawo FIMA na biyu Yamai a watan Nuwamba na 2000, wasu ƙungiyoyin addini sun tashi suna ganin an keta mutunci, har aka yi tarzoma a Yamai da Maraɗi. Ko me mutum yake gani game da wannan rikici, darasinsa ɗaya ne: aikin da aka tsara ba tare da shawarar jama'a ba, jama'a suna iya juya masa baya, saƙon ya ɓace cikin hayaniya. Haka kuma atamfar 13 ga Mayu tana iya komawa kwalliya zalla, a yi gasar ɗinki, a manta da matan da suka taka titi. Matar ƙauye wadda ba ta da kuɗin turmi ita ce ta fi bukatar saƙon, ita ce kuma ta ƙarshe da yake isa gare ta. Abin da ya ba aikin Rigdol ƙarfi shi ne, masu ciwon ne da kansu suka yi shi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Saboda haka abin da ya dace da Gure ba kwaikwayon bikin manyan birane ba ne. Akwai dokoki na gaske da jama'a suke da bukatar sani. Tun shekara ta 2003 dokar Nijar ta mai da bauta laifi mai hukunci. A ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta ba Hadijatou Mani gaskiya, wadda aka sayar tana da shekara 12, ta umurci gwamnati ta biya ta miliyan 10 na kuɗin sefa. A watan Disamba na 2017 an sa hannu kan dokar da ke kare yarinya ƴar makaranta. Ga kuma takardar haifuwa, wadda rashinta yake hana yaro jarrabawa, ya hana babba katin shaida. Mutum nawa ne a rugagen Tasker ko ƙauyukan Muniyo suka taɓa jin waɗannan da harshensu?

Teloli da masu aikin wuyan riga, dukawa da matan da ke saƙar tabarma da faifai da kaba, da samarin da ke rubuta allunan shaguna da bayan motoci, ya kamata su zauna tare da malaman makaranta da malaman addini da sarakunan gargajiya, su zaɓi magana guda a kowace shekara. Su ƙirƙiro alama mai sauƙin ganewa, a rubuta ƴan kalmomi da Hausa da Barbarci da Fulatanci da Tubanci, da boko da ajami. A sa ta a jakar ƴan makaranta, a bangon asibiti, a tashar mota da ke bakin babbar hanyar Damagaram zuwa Difa. A tambayi uwaye da ƴammata abin da suke so a faɗa kafin a zare zare. Mahukunta da ƙungiyoyin agaji kuwa, maimakon su yo odar riguna da alluna daga waje, su ba masu sana'ar gari aikin, kuɗin ya zauna a gida.

Allura ba ta yanke shari'a, tabarma ba ta kama mai laifi. Wannan aikin alƙali ne da hukuma. Amma uban da ya ga alama a jakar ƴarsa ya tambayi ma'anarta, ya riga ya taka matakin farko. Mutanen Tibet sun tsallake iyakokin ƙasashe da buhunan ƙasa don kada a manta da su. Mutanen Gure ba sai sun yi wannan wahala ba, domin kayan aikin suna nan cikin kasuwarsu. Abin da ya rage shi ne su haɗa hannu.