Masu turo wa Kura shinkafa

Jama'a, a yi min afuwa, yau sai na faɗa. Duk azumi 'yan uwanmu mazauna Saudiyya da Ingila sai su turo kuɗi a raba shinkafa, a ɗauki hoto. A Kura fa! Mu da muke noma ta?

Tun 1974 aka gama dam ɗin Tiga, ruwa ga shi nan. Amma kachala ta cinye kanal, tumatir na ruɓewa a Kwanar Gafan, yaranmu na Bunkure da Dawakin Kudu na jinginar da gona su kama hanyar Agadas. Gwamnati kuwa sai tutiya da dalar da ake turowa.

Ku haɗa kuɗin nan a yashe kanal, a sayo injin ban-ruwa mai sola. Buhunku kafin sallah ya ƙare. Allah Ya saka, amma a gyara.