Sharhi: Bayan Tiyatar Bututun Madaciya, Wa Zai Ci Gaba Da Duba Yaron?

Akwai jariran da ake haifa da kumburi a bututun da ke kai ruwan madaciya daga hanta zuwa hanji. Bututun kan buɗe ya zama kamar 'yar jaka, ruwa ya riƙa taruwa a ciki. Cutar ba ta da yawa, an fi samunta a ƙasashen gabashin Asiya irin su Japan, kuma ta fi kama mata. A wajenmu iyaye kan fara ganinta ne a matsayin shawara: idanu su yi rawaya, fitsari ya yi duhu, kashin yaro ya koma fari-fari, wani lokaci a ji ƙullutu a gefen dama na ciki.

A da likitoci kan haɗa jakar da hanji don ruwan ya samu hanyar fita. Daga baya aka gano cewa barin jakar a jiki na jawo ciwon daji, shi ya sa aka bar wannan hanya. A yau ana cire jakar gaba ɗaya tare da madaciyar, a ɗinka wani sashen hanji a bakin bututun da ke fitowa daga hanta. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Malam Aminu Kano da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, suna da sassan fiɗar ƙananan yara, kuma yawancin waɗanda aka yi wa wannan aiki kan tashi lafiya lau.

Abin da ya dame mu shi ne shekarun da ke biyo baya. Wurin ɗinkin kan iya tsukewa sannu a hankali, ko bayan shekara 10 ko fiye. Idan ya tsuke, ruwan madaciya ya tsaya, ƙwayoyin cuta daga hanji su hau, tsakuwa ta taru a cikin hanta. Idan aka yi sake, hantar ta ƙeƙashe. Haka kuma haɗarin ciwon daji yana raguwa ƙwarai bayan tiyata, amma ba ya gushewa baki ɗaya, musamman ga wanda aka yi wa aikin yana babba ko aka bar ragowar jakar.

To, ya wannan ke bayyana a ƙauye? Zazzaɓi mai rawar ɗari, ciwon ciki, idanu rawaya. A ƙaramin asibiti abin da zai fara zuwa ran ma'aikaci shi ne zazzaɓin cizon sauro ko taifot, a gida kuwa sai a jiƙa maganin shawara. Ba laifinsu muke gani ba, domin waɗannan su ne cututtukan da suke gani kullum. Amma ga mai tabon wannan tiyata, zazzaɓi haɗe da shawara larura ce ta gaggawa, domin cutar kan shiga jini cikin ƙanƙanin lokaci. Wurinsa babban asibiti ne, a ranar.

Nan ne takardar sallama ke da daraja. Yarinyar da aka yi wa aiki tana da shekara 2 ba za ta tuna ba. Za ta girma, a kai ta ɗakin miji a wani gari, ta je awon ciki, babu wanda ya san abin da aka cire mata. Muna ganin ya kamata iyaye su adana takardar kamar yadda suke adana ta gona, su kuma damƙa mata ita idan za ta tare.

Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, dokar 2022 kuma ta wajabta inshorar lafiya ga 'yan Najeriya. Sai dai doka ba ta kai mutum asibiti. Kuɗin mota zuwa birni, hoton ciki da gwajin jinin hanta, su ne ke sa iyali su daina komawa da zarar yaro ya fara wasa.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an lafiyarsu da su buɗe rajista a kowace cibiya, a rubuta sunan duk yaron da aka yi wa babbar tiyatar ciki, da irin aikin, da asibitin da ya yi, da ranar komawa. Dagatai da masu unguwanni sun san gidajen, kuma idan rana ta wuce ba a je ba, su ne suka fi kusa da su tambayi maigida dalili.