Mudu Biyu a Kasuwar Faransa

Duk ɗan kasuwar da ke saye da babban mudu ya sayar da ƙarami, sunansa macuci, komai girman rawaninsa. Da irin wannan awo Faransa ke auna Musulminta, kuma lokaci ya yi da za a daina yi mata kara.

Tun bayan harin 7 ga Janairun 2015, wanda ya hallaka mutum 12 saboda zanen ɓatanci ga Annabi (SAW) da mujallar Charlie Hebdo ta buga, ake ta karanta mana cewa a Faransa baki ba shi da linzami. Ba haka ba ne. Tun 1990 doka ta haramta musanta kisan ƙare-dangin da aka yi wa Yahudawa. Tun 2003, wanda ya wulaƙanta tutar ƙasar ko takenta a taron hukuma yana iya biyan tarar yuro 7,500. Ban ga laifin waɗannan dokoki ba, kowace al'umma tana da abin da ba ta yarda a taɓa. Masu kare zanen suna cewa doka mutane take karewa, ba aƙida ba. To, tuta mutum ce? Idan ƙyalle ya cancanci kariya saboda darajarsa a zukata, me ya sa miliyoyin 'yan ƙasa za a ce su haɗiye nasu ciwon?

Haka batun raba addini da mulki. Dokar 1905 gwamnati ta ɗaure wa hannu, ta hana ta fifita wani addini, ta kuma lamunce wa kowa ibadarsa. Yau an juya ta kan talaka. A 2004 aka hana ɗalibai sa hijabi a makarantun gwamnati. A 2010 aka haramta niƙabi a bainar jama'a. A 2023 ministan ilimi Gabriel Attal ya hana abaya, wadda doguwar riga ce kawai. Duk da haka, a yankin Alsace da Moselle har gobe gwamnati ke biyan albashin malaman coci da na Yahudawa, limamai kuwa ko sisi. Ashe kurar ta san gidan mai babbar sanda.

Sai dai wanda ya ce a gyara mudu, dole nasa ya zama daidai. Matashin da ya yanka malamin makaranta Samuel Paty a Oktoban 2020 bai kare martabar Annabi ba. Ya miƙa wa masu ƙin Musulmi hujjar da suka daɗe suna nema, kuma 'yan mata masu hijabi a unguwannin Paris ne ke biyan bashin. Cikin waɗanda aka kashe a harin Charlie Hebdo har da ɗan sanda Musulmi, Ahmed Merabet. Mu ma ba mu tsira ba: a wannan Janairu na 2015 aka ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai, rayuka suka salwanta. Wane zane Kiristan Damagaram ya yi? An mare mu a Paris, muka rama a kan maƙwabci.

Akwai hanyar da ta taɓa ɓullewa. A Agustan 2016, da wasu garuruwan bakin teku suka hana mata Musulmi sa rigar iyo mai rufe jiki, kotu aka garzaya, kuma babbar kotun da ke duba ayyukan gwamnati ta dakatar da hanin garin Villeneuve-Loubet. Lauyoyi suka yi wannan aiki, da dokar Faransa kanta a hannunsu.

Musulmin Faransa 'yan ƙasa ne, ba baƙi masu roƙon alfarma ba. Suna da ƙuri'a, suna da alƙalami, ƙofar kotu a buɗe take. Abin da ya kamata su nema, mu kuma mu taya su, shi ne a auna kowa da mudu ɗaya.