SHARHI: KAFIN A SA GIDAN LANDAN A KASUWA

Da yawa daga cikin attajiranmu masu gidaje a Landan sun ɗauka cinikin gida a can tamkar na Kano ne: a shafa fenti, a kira dillali, a sallama.

A ganinmu, gyaran takardu yana gaba da gyaran bango. Tun daga watan Afrilu na 2015, wanda ba mazaunin Birtaniya ba yana biyan haraji a kan ribar gidan da ya sayar. A yanzu wajibi ne ya sanar da hukumar haraji cikin kwana 60 da kammala ciniki, ko da bai ci riba ba. In ya makara, tara ce. Haka kuma dokar 2022 ta hana kamfanin waje sayar da gida sai ya yi rajistar ainihin masu kamfanin. Gidan da wa'adin hayar filinsa ya gaza shekara 80 kuwa, darajarsa takan faɗi.

Saboda haka, mai niyyar sayarwa ya fara ɗaukar lauyan can, ya tattara shaidar kuɗin saye da na ƙarin gini, domin rage haraji. Da sanyin safiya ake kama fara.