Raddi Ga Mai Hana Matasa Labarin Yaron Daji

Wani malami da nake ganin girmansa ya rubuta cewa kada a bai wa matasanmu almarar yaƙi, musamman irin wadda ɗan manomi zai ƙulla abota da yaron da ya tashi a sansanin 'yan bindiga. Hujja uku ya kawo.

Ta farko, ya ce cusa aljanu da takobin sihiri cikin maganar jini raini ne ga mamatanmu. Malam, ai Ganɗoki na Bello Kagara da yaƙin Turawa da Kontagora ya buɗe, kafin ya tsallaka duniyar aljanu. An ci Kontagora a 1901, littafin ya fito a 1934, waɗanda suka ga yaƙin da idonsu suna raye. Yarinyar da ta kwana cikin dawa tana jin rurin babura ba za ta ba ka labarin daren ba. Ka sa mata dodo a littafi, sai ka ji bakinta ya buɗe.

Ta biyu ita ce mai nauyi: abota da yaron daji wanke masu laifi ne. Na san abin da ke ci masa rai, ni ma yana ci mini. Kisan Gwaska a Mayun 2018, ɗaliban Kuriga da aka kora daji a Maris 2024, manomin da ba ya girbe gonarsa sai ya biya haraji. Amma wa aka goyo a bayan babur ɗin? Sau da yawa yaro ne da gemu bai fito masa ba. Wani an kore shanun ubansa, wani an ƙone rugarsu, wani shi kansa sato shi aka yi. Jiya-jiya uwarsa ke kawo mana nono cikin ƙwarya. Shari'a ba ta ɗora wa yaro zunubin kachalla, kuma labarin da ya nuna haka bai yafe wa kachalla irin Dogo Giɗe ko ɗigon jini ba. Inda marubuci ya mai da kachalla gwarzo abin sha'awa, a nan ina bayan Malam, a yi watsi da littafin.

Ta uku, wai yara ba su kai ba. Yaƙin bai jira su kai ba. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari bayan sulhu da 'yan bindiga. Manya suka yi sulhun, babu wanda ya tambayi yara. Ga ɗan manomi riƙe da igiyar akuya, ga wanda ya fito daga dajin Kamuku a gabansa yana taya ta. Zai amsa sallamarsa? Yana jin ƙiyayya, yana jin tausayi, bai taɓa samun wanda ya ce masa biyun suna iya zama a ƙirji ɗaya ba.

Roƙona ga Malam, ya zauna ya karanta irin wannan labari tare da ɗalibansa, inda marubucin ya kauce ya nuna musu.