Kun Ba Shi Kati, Kun Bar Shi da Mai Lasifika

Duk ranar 15 ga Janairu sai a jera furanni, a busa begila, a saki fararen tattabaru, wai ana tunawa da 'yan mazan jiya. Gwamna ya sayi tambari, ya yi alkawarin gudummawa, a tafa. Kashegari tsohon sojan da aka yi taron dominsa ya tashi da gwiwar da ba ta lanƙwasuwa, ya lissafa abin da ya rage na fansho, ya jira ranar Talata ya shiga kasuwar Mafara neman jiƙo. Wannan abin kunya ne, kuma yana da masu shi.

Ba za a ce ba a yi kome ba. Tun 2005 aka kafa kamfanin DHML domin inshorar lafiyar sojoji da iyalansu, daga baya aka shigar da waɗanda suka yi ritaya. Kati akwai. Sai dai kati ba ya tafiya da ƙafarsa. Tsarin ya ce ka zaɓi asibiti guda cikin waɗanda aka amince da su, nan za ka fara zuwa. In ciwon ya fi ƙarfinsu, sai an nemo lambar izini kafin a tura ka gaba. Gaba ɗin kuwa, ga mutumin Bakura ko Maradun, ita ce Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Daga Talata Mafara zuwa Gusau ya haura kilomita 80, a kan hanyar da matafiyi ke kama addu'a tun daga tasha saboda 'yan bindiga. Dattijo mai shekara 75 ya biya kuɗin mota nasa da na jikan da zai riƙe shi, ya yini a layi, daga ƙarshe a miƙo masa takarda a ce wannan maganin babu, ya saya a waje. Wa zai sake komawa?

To ina yake zuwa? Ku zo ku gani. Wata tsohuwar mota ce a gefen kasuwa, lasifika a ɗaure a kanta, an baza ƙulle-ƙullen leda da robobin ruwa da aka sake cikawa da wani abu mai launin ƙasa. Muryar da aka naɗa tana ta maimaita cewa roba ɗaya tana maganin sanyin ƙashi, da basir, da shawara, da ciwon suga, da raunin mazakuta. Dattijo ya matso yana dogara sanda. Yaron da ke sayarwa ya ce, "Baba, murfi biyu da safe, biyu da dare, kwana uku za ka jefar da sandar nan." Babu wanda ya tambaye shi ko yana shan maganin hawan jini. Babu wanda ya san abin da ke cikin robar, har shi yaron. Sau da yawa abin da ke kwantar da ciwon cikin kwana uku ba saiwa ba ce, ƙwayoyin kemis ne aka niƙa aka zuba, irin waɗanda ke cinye ciki da ƙoda in an daɗe ana sha. Ranar da ƙafafu suka kumbura, mota ta riga ta koma wata kasuwar.

Kada a yi mini mummunar fahimta, ba maganin gargajiya nake zagi ba. Akwai maɗori na gado wanda ya san karayar da zai ɗora da wadda zai ce a garzaya asibiti. Akwai wanzami mai tsabta da ke buɗe sabuwar reza ga kowane mai ƙaho. Akwai tsohuwar da ta san sabara da marke da sassaƙen maɗaci, ta kuma san iyakarsu. Tsohon soja da ke firgita cikin dare, yana ganin abin da ya gani a Laberiya ko a dajin Sambisa, malamin unguwa yake fara gaya wa, don shi ne zai saurare shi ba tare da kallon agogo ba. Waɗannan mutane su ke riƙe da lafiyar ƙauyukanmu. Laifin hukuma shi ne ta ƙi rarrabe su da 'yan damfara. Ba ta biya wa tsohon soja na kirki ba, ba ta kare shi daga na banza ba. Kome daga aljihunsa, riba da asara.

Kuma ba rashin takarda ba ne, takardu kam sun cika durowa. A 1997 aka kafa hukumar bunƙasa magungunan gargajiya, NNMDA, a Legas. A 2007 aka fitar da manufar ƙasa kan maganin gargajiya. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta buɗe sashe sukutum a kansa. Duk 31 ga Agusta ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka, a yanka kek. Masanan cibiyar NIPRD a Abuja sun taɓa haɗa Niprisan na masu sikila daga tsirrai huɗu, ciki har da masoro da kanumfari da ganyen dawa, wanda ya nuna cewa in an so a gwada tsiro a tabbatar da shi, ana iyawa. A 2022 aka sa hannu kan dokar NHIA wadda ta wajabta inshorar lafiya ga kowa. Duk wannan tulin, maɗori ɗaya tilo katin tsohon soja bai sani ba. Ita kuwa lambar NAFDAC da ake nuna wa mutane a jikin kwalba, galibi shaida ce cewa an duba abin ba ya cutarwa, ba hujja ba ce cewa yana warkar da cututtuka goma da ake lissafawa. Wa ya taɓa tsayawa ya bayyana wa Baba wannan da Hausa?

Wasu sun fuskanci irin wannan, ba su tsaya yin biki ba. A Amurka, bayan da ƙwayoyin kashe zafi suka halaka tsofaffin sojoji da dama, ma'aikatarsu ta zauna ta tace hanyoyin jinya na gargajiya da makamantansu, a 2017 ta shigar da wasu kamar allurar Sinawa da tausa cikin abin da take biya, in likita ya ga ya dace. Ba kome ta ɗauka ba, abin da ta gamsu da shi kawai. Nan kusa, Gana tana koyar da digirin maganin tsirrai a jami'ar Kumasi tun 2001, kuma ta buɗe sassan wannan magani a cikin wasu asibitocin gwamnati, inda ake auna mutum kafin a ba shi. Mu da Taramol ya riga ya yi wa illa, mu ya fi kamata mu riga kowa.

Yanzu ga manyanmu na gida. Daga 1999 zuwa 2023, shekara 20 cikin 24, ɗan Bakura ko ɗan Talata Mafara ko ɗan Maradun ne ke mulkin Zamfara: Ahmad Sani Yariman Bakura shekara 8, Abdul'aziz Yari 8, Bello Matawalle 4. Yarima ya yi shekara 12 a Majalisar Dattawa da sunan wannan shiyya, Yari ya hau kujerar a 2023, a shekarar kuma aka naɗa Matawalle ƙaramin Ministan Tsaro, ma'aikatar da al'amuran tsofaffin sojoji ke ƙarƙashinta. Ranku ya daɗe, babu yankin da ya kai namu kusanci da inda ake yanke wannan shawara. In har dattijon da ya yi yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 yana sayen lafiyarsa a robar da ba ta da suna, a ƙofar gidanku abin yake faruwa. Tsofaffin sojoji sun sha tare ƙofar Ma'aikatar Kuɗi a Abuja da tabarmi saboda haƙƙoƙinsu. Na ƙauye ko kuɗin motar zuwa zanga-zangar ba shi da shi.

Ƙungiyar 'yan mazan jiya ma ba ta fita ba. Aikinta bai ƙare da sayar da tambari da fareti ba. Ta san mambobinta gida-gida, ta san wanda katinsa ke kwance cikin akwati bai taɓa amfani da shi ba.

Abin da ake nema ba ya buƙatar sabon gini. A sa katin ya yi aiki sosai a manyan asibitocin Talata Mafara da Bakura da Maradun, a ajiye maganin hawan jini da na suga da na gaɓɓai a nan. A yi wa maɗora da wanzamai na gaskiya rajista ta hannun sarakunan sana'arsu, a koya musu alamomin da ke nufin a tura mutum asibiti, inshora ta riƙa biyan abin da likita ya amince da shi. Mai lasifika kuma a karɓi robarsa a kai ɗakin gwaji. Waɗanda suka yi yaƙin basasa duk sun haura shekara 70. In za ku yi, ku yi kafin Janairu mai zuwa.