KURA DA SHAN BUGU, GARDI DA KARƁAR KUƊI

Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon wasan gardawa a bakin kasuwa ya san yadda ake rabon aikin. Kura ake ɗaura wa takunkumi, ita ake ja da sarƙa, ita kuma ake zabga wa sanda har ta yi kukan da zai tara jama'a, amma idan taro ya watse aljihun gardi ne yake yin nauyi. Wannan karin magana ce take faɗo mini a rai a duk lokacin da na ji ana yabon gasannin nan na talabijin da ake cewa wai an shirya su domin zaƙulo masu baiwa. Ra'ayina, wanda ba zan ɓoye wa mai karatu ba, shi ne mutuncin 'yan takara ake kasawa a faifai a wannan kasuwa, baiwa kuwa kirarin talla ce kawai da ake jawo masu saye da ita. Zan kafa hujja da zango guda, kuma da gangan na zaɓi wanda masu kare gasar suka fi tinƙaho da shi, wato zango na 3 na shirin Britain's Got Talent da gidan talabijin na ITV ya nuna a Birtaniya a shekarar 2009.

Tsarin shirin ba shi da wuyar fahimta. Kowa na iya zuwa da abin da ya iya, ko waƙa, ko rawa, ko barkwanci, ko rufa-ido, ko wasa da kare. Alƙalai uku ne a wannan shekara, Simon Cowell da Amanda Holden da Piers Morgan, kowanne da jar ƙararrawa a gabansa, kuma da zarar su ukun sun danna, wasa ya ƙare ko da mai shi bai kai tsakiya ba. Daga zagayen kusa da na ƙarshe sai a jawo 'yan kallo cikin hukunci, su buga waya da kuɗinsu su zaɓi gwaninsu. Zakara zai tafi da fam 100,000 da kuma damar yin wasa a gaban Sarauniyar Ingila.

Ranar 11 ga Afrilu, 2009 aka nuna wata mata mai suna Susan Boyle, 'yar shekara 47, daga ƙauyen Blackburn na ƙasar Sikotilan. Ba ta da aikin yi, ba ta taɓa aure ba, ta kuma shafe shekaru tana jinyar mahaifiyarta har ta rasu a 2007. Ta hau dandamali a birnin Gilasgo da furfurarta da 'yar rigarta ta mutanen karkara, aka tambaye ta burinta, ta ce so take ta zama shahararriyar mawaƙiya. Zaure ya ɗauki dariya da shewa, na'urar ɗaukar hoto kuma ta yi ta bin fuskokin masu yatsina da harara tana nuna wa duniya. Da ta buɗe baki ta rera wata waƙa daga wasan kwaikwayon Les Misérables, sai jama'a suka miƙe tsaye da tafi, alƙalai suka saki baki. Piers Morgan da kansa ya faɗa mata cewa ɗazu kowa dariya yake yi mata. Kafin mako ya zagayo miliyoyin mutane sun kalli hoton a intanet, aka yi ta cewa duniya ta koyi darasi, kada a raina mutum don siffarsa.

To, a nan nake so mai karatu ya tsaya mu yi lissafi. Babu ɗan takarar da yake isa gaban alƙalai sai ya fara yin wasansa a gaban masu shirya shirin, su tace, su zaɓa. Ke nan waɗanda suka turo Susan dandamali sun riga sun ji muryarta. An ɗauki hoton tun watan Janairu, aka zauna aka yayyanka aka harhaɗa kafin a nuna a Afrilu, saboda haka kowace harara da muka gani wani ne ya zaɓe ta ya ajiye ta a gurbinta. Da niyyarsu ita ce mu ji waƙa, da sai a ba ta makirufo ta rera. Abin da suke bukata shi ne mu fara raina ta tukuna, domin idan babu rainin babu mamakin, idan kuwa babu mamakin babu ciniki.

Ga wata tambayar da ba a cika son ji ba. Da a ce Susan ta buɗe baki murya ta ƙi, me zai faru? Amsar tana cikin shirin kansa, domin kuwa a kowane mako na zagayen farko ana nuna mutanen da ba su iya komai ba, waɗanda masu tacewa suka san ba su iya ba, amma suka bar su suka wuce don a sami abin dariya. Wasu tsofaffi ne, wasu kuwa da ganinsu ka san ba su fahimci abin da ake yi da su ba. Ana danna musu ƙararrawa, a yi musu ihu, gobe su koma unguwarsu kowa ya gan su. Ashe darasin da aka ce duniya ta koya bai wuce wannan ba: talaka marar kyan gani ya cancanci dariya, sai fa in ya fanshi kansa da wata murya ta ban mamaki. Wannan ba tuba ba ce, gyara farashi ne.

Haka nan batun wai shirin ne ya gano ta, shi ma romon baka ne. Matar nan ta daɗe tana waƙa a majami'ar ƙauyensu, ta ɗauki darasin murya wurin malami, har an naɗi muryarta a wani faifan neman taimako a 1999. Baiwar aikin shekaru ce da haƙuri da maimaici, amma da yake labarin wahalar koyo ba ya sayuwa, sai aka nuna mana ita kamar wadda ta faɗo daga sama cikin dare ɗaya.

Mu dubi abin da ya biyo baya. Makonni 7 'yan jarida suka yi suna dafifi a ƙofar gidanta, wasu jaridu har suka laƙaba mata sunan mala'ika mai gashi. Ranar 30 ga Mayu aka yi zagayen ƙarshe a gaban 'yan kallo fiye da miliyan 17, ƙungiyar 'yan rawa ta Diversity ta zo ta ɗaya, Susan ta zo ta biyu. Washegari aka kwantar da ita a asibitin Priory da ke Landan, inda ake kula da masu larurar ƙwaƙwalwa, aka ce gajiya ce ta yi mata yawa. Abin ya kai har Firayim Ministan lokacin, Gordon Brown, ya tuntuɓi alƙalan yana tambayar lafiyarta. Sai a 2013 ta bayyana cewa likita ya gano tana da larurar Asperger, wadda kan sa cuɗanya da jama'a da hayaniya su yi wa mutum nauyi. Irin wannan baiwar Allah aka jefa tsakiyar kasuwar duniya.

Ba ita kaɗai ba ce. Ana gobe za a yi zagayen ƙarshe, wata yarinya 'yar shekara 10 mai suna Hollie Steel ta rikice tana tsakiyar waƙa, ta fashe da kuka tana roƙon a bar ta ta sake, ana kuwa nuna shirin kai tsaye. An ba ta damar daga baya, aka yi ta yabon tausayin Simon Cowell. Ni kuwa tambayata ita ce, wane ne tun farko ya tsayar da 'yar shekara 10 a inda kuskurenta zai zama abin kallon miliyoyin mutane?

Na san abin da masu kare shirin za su ce, kuma ba zan tauye musu gaskiyarsu ba. Susan ta warke, ta yi arziki, faifanta na farko da ya fito a watan Nuwamba na 2009 ya sayu fiye da kwafi 400,000 a makon farko a Birtaniya kaɗai, kuma ita da bakinta ba ta ce ta yi nadama ba. 'Yan rawan Diversity su ma gwanaye ne na haƙiƙa. Duk na yarda. Sai dai a tambaya, wane kamfani ne ya fitar da faifan? Syco ne, kamfanin Simon Cowell, wanda shi ne ya ƙirƙiro shirin, kamfaninsa na cikin masu shirya shi, shi ne kuma babban alƙali. Kowa ya ci, gardi ya ci, kowa ya faɗi ana dariya, gardi ya ci. Kuma arzikin mutum ɗaya ba ya wanke wulaƙancin da aka yi wa ɗaruruwan da ba wanda ya tuna sunansu, kamar yadda wanda ya ci caca ba ya zama hujjar cewa caca sana'a ce.

Kada wani ya ce wannan gobarar gemun Turawa ce. An sayar da tsarin shirin ga ƙasashe da dama, har ya iso Nijeriya a 2012 da sunan Nigeria's Got Talent, inda wata yarinya 'yar shekara 8, Amarachi Uyanne, ta lashe Naira miliyan 10 da rawa. Ina taya ta murna. Amma a ƙasar da iyaye ke fama da kuɗin makaranta, mu yi tunanin abin da irin wannan adadi yake raɗa wa uban da ke da ƙaramar 'ya mai ɗan iya taka rawa, da kuma nauyin da za a ɗora wa yarinyar idan ta dawo gida hannu rabbana.

Daga ƙarshe, ya ku 'yan'uwana ɗalibai da malamai, gardi ba ya wasa inda babu 'yan kallo. Mu ne muke zagaye filin, mu ne a yau muke tura wa juna hoton mai in'ina ko mai taɓin hankali a waya muna ƙyaƙyatawa. Idan da gaske muna son masu baiwa, hanyar a buɗe take, kuma ba ta da tsada. Mu raya ƙungiyoyin wasan kwaikwayo da na marubuta da ke makarantunmu, inda mai koyo zai yi kuskure a gaban mutum ashirin masu gyara masa, ya koma ya sake shiri. Mu nemi hukumomin da ke sa ido kan gidajen talabijin su ƙayyade shekarun yaran da za a riƙa sakawa a gasar kuɗi. Ran da kuma aka turo maka hoton wani bawan Allah ana yi masa ihu a kan dandamali, kafin ka tura gaba, ka tambayi kanka aljihun wa dariyarka take cikawa.